Ƙwaƙwalwar Kwamfuta Mai Riƙo: Yadda Ake Binciko Ɓarna a Cikinta da Rubutaccen Umarni

Daga filinmu na kimiyya da fasaha

Kamar yadda muka saba, ga abin da aka tattauna a filin kimiyya da fasaha a rubuce, saboda waɗanda shirin ya wuce su, da kuma waɗanda suka ji amma suka ce umarnin kwamfuta ba ya kamuwa da kunne, sai an gani da ido. Da gaskiyarsu kuwa, don in harafi ɗaya ya kuskure, na'ura ba ta san "ai kin gane nufina" ba.

Tambayar ta fito ne daga wani mai gyaran kwamfuta a Damagaram. Ya ce an kawo masa babbar kwamfuta ta gwanjo, irin wadda ake ajiye bayanan ma'aikata a ciki. Da ya buɗe sai ya tarar da wasu sanduna a ramukan RAM, an rubuta Optane a jikinsu. Yana son ya san mene ne su, kuma yaya zai tabbatar da lafiyarsu kafin a ɗora musu bayanan mutane. To, amsar tana da ɗan tsawo, sai a gyara zama.

Allo, littafi, da abin da ke tsakaninsu

Kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu da kowa ya sani. Na farko shi ne RAM, ƙwaƙwalwar aiki. Ita kamar allon ɗan makaranta take: rubutu a kanta ba wuya, karantawa ba wuya, amma da zarar wuta ta ɗauke an wanke allon ke nan. Na biyu shi ne faifan ajiya, ko mai juyawa ko SSD. Shi kuma kamar littafi yake: abin da aka rubuta ya zauna, sai dai ɗauko shi da buɗe shi yana cin lokaci.

Abin da mai tambayarmu ya gani iri na uku ne. Muna kiransa ƙwaƙwalwa mai riƙo. Ana soke ta a ramin da ake soke RAM, injin kwamfuta yana karanta ta kai tsaye kamar yadda yake karanta RAM, amma in wuta ta ɗauke rubutun yana nan. Wato allo ne da ba ya wankuwa. Sunan da masu sana'ar suke kiran irin waɗannan sanduna shi ne NVDIMM.

Akwai su kashi-kashi. Wani kashi, mai suna NVDIMM-N, RAM ce ta yau da kullum da aka haɗa ta da ma'ajiya irin ta filasha da wani ɗan abin riƙe caji. Wuta na ɗaukewa sai ta yi maza ta kwashe abin da ke cikinta ta zuba a filashar. Ɗaya kashin shi ne Optane na kamfanin Intel, wanda aka gina a kan fasahar 3D XPoint. Intel da Micron ne suka sanar da wannan fasaha a 2015. Sandunan Optane sun shiga kasuwa a 2019, masu girman gigabayit 128 da 256 da 512, kuma ba sa aiki sai da wasu injina na Xeon. Micron ya janye daga fasahar a 2021, shi ma Intel ya sanar a 2022 cewa zai rufe harkar Optane.

Wannan na ƙarshe shi ne abin lura gare mu. Tunda an daina harkar, abin da zai riƙa faɗowa hannun masu gyara a ƙasashenmu wanda ya riga ya yi aiki ne a wani wuri. Ba a cinikin biri a sama. Sai an duba.

Me ke lalacewa a ciki?

Kowace irin ma'ajiya tana samun kuskure. Ƙwayoyin da ke riƙe bayani suna gajiya da yawan rubutu, zafi yana taɓa su, wani lokaci kuma wuta ce ke yankewa ana tsakiyar rubutu. Shi ya sa ake haɗa bayanin da wasu ƴan lambobi na gyara, waɗanda ake kira ECC. In kuskuren ƙarami ne, sandar da kanta take gyara shi, ba wanda zai ma sani. In ya fi ƙarfin gyara, sai na'ura ta yi wa wurin alama cewa abin da ke nan ya gurɓace. Masu sana'ar suna kiran wannan alama guba.

Sunan ya dace, don matsalar tana tasowa ne lokacin da aka ci. Muddin ba a karanta wurin ba, shiru kake ji. Ranar da wata manhaja ta kai hannu wurin, injin kwamfuta zai ɗaga ƙararrawa. In an yi sa'a, Linux zai tsayar da manhajar kaɗai da wata sigina mai suna SIGBUS, ko ya mayar mata da amsar cewa karatu ya gagara. In ba a yi sa'a ba, kwamfutar gaba ɗaya ce za ta tsaya cak.

To, ga inda mai riƙo ta bambanta da RAM. In RAM ta yi kuskure, sau da yawa ka kashe ka kunna, an wanke allo, an wuce wurin. Ita kuwa mai riƙo, kamar yadda take riƙe bayani mai kyau, haka take riƙe guba. Ka kashe ka kunna sau goma, tana nan inda ka bar ta. Manhajar ta tashi, ta sake taka wurin, ta sake faɗuwa. Ku kwatanta wannan da kwamfutar da ke riƙe da lissafin albashi ko sunayen marasa lafiya, ranar da ake tsananin bukatarta.

Sintirin da na'ura ke yi

Maganin shi ne a san inda gubar take tun kafin a taka ta. Don haka aka tanadi wani bincike da ake kira ARS. Ma'anarsa a bi adireshin ƙwaƙwalwar daga farko har ƙarshe ana dubawa, kamar mai gadin da ke zagaya kasuwa rumfa-rumfa da dare. Mu ce masa sintiri.

Ba Linux ne ke yin sintirin da hannunsa ba. Manhajar da ke dashe a jikin allon kwamfutar ce ke yi, shi Linux umarni yake ba ta, in ta gama ta miƙo masa jerin wuraren da suka lalace. Hanyar da suke magana da juna tana cikin ƙa'idar ACPI, wadda a bugunta na 6.0 na shekarar 2015 aka shigar da wani jadawali mai suna NFIT, mai bayyana wa tsarin aiki irin sandunan da ke cikin na'ura. A wannan shekarar ce kuma aka shigar da sashen kula da su a zuciyar Linux, a bugu na 4.2. Injiniya Dan Williams na Intel shi ne ya jagoranci aikin, da kuma manhajar ndctl da za mu yi amfani da ita.

Duk lokacin da kwamfuta ta tashi, Linux yana fara karɓar jerin ɓarnar da aka riga aka sani, sannan a ci gaba da dogon sintiri a bayan fage. Duk wurin da aka samu, sai ya rubuta shi a jerin miyagun wurare. Daga nan, wanda ya nemi karanta wurin ta hanyar da aka saba, za a ce masa ba ya karantuwa, ba tare da an taɓa gubar ba. Amma babbar kwamfuta tana iya yin watanni ba a kashe ta ba, ɓarna kuwa ba ta jiran ranar kunnawa. Shi ya sa mai kula da ita yake bukatar ya iya tayar da sintirin da kansa.

Umarnin, ɗaya bayan ɗaya

Ana yin wannan aiki ne a layin umarni, wannan baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta magana. Kalmar sudo da za ku gani a farkon layi tana nufin ana aikin da ikon mai gida.

Da farko a saka manhajar. A Debian da Ubuntu:

sudo apt install ndctl

A Fedora kuma:

sudo dnf install ndctl

Sai a tambayi sandunan lafiyarsu:

sudo ndctl list -DH

Kowace sanda za ta fito da sunanta, nmem0, nmem1, haka dai. A ƙarƙashin kowace akwai layuka da ya kamata a karanta a natse. Layin health_state shi ne hukuncin da sandar ta yanke wa kanta: in ya ce ok, lafiya lau, in ya ce non-critical, ta fara ciwo, in ya ce critical ko fatal, to a kwashe bayanai tun da sauran dama. Layin temperature_celsius zafinta ne. Layin spares_percentage yana nuna abin da ya rage na ƙwayoyin ko-ta-kwana da take maye gurbin matattu da su. Layin life_used_percentage kuma kason rayuwarta da ta riga ta ci. Ga mai sayen gwanjo, waɗannan biyun na ƙarshe su ne haƙoran da ake dubawa kafin a yi cinikin dabba.

Daga nan sai a tayar da sintiri:

sudo ndctl start-scrub

Umarnin zai dawo nan take, ya nuna layin scrub_state da kalmar active, wato an fara. Kada a ɗauka an gama. Don a san lokacin da aka gama, sai a rubuta:

sudo ndctl wait-scrub

Wannan zai tsaya shiru har sai sintirin ya ƙare, sannan scrub_state ya koma idle. Tsawon jiran ya danganta da girman ƙwaƙwalwar, kuma yana iya daɗewa sosai. Ba matsala ba ce, kada a yi gaggawar kashe na'ura. Sintirin karatu kawai yake yi, ba ya goge komai, amma yana iya rage wa na'ura sauri, don haka ya fi kyau a yi shi da dare ko ranar hutu.

In an gama, sai a nemi sakamako:

sudo ndctl list -M

In ba a samu komai ba, ba za a ga jerin ɓarna ba, sai a gode wa Allah. In an samu, za a ga badblock_count, wato yawan wuraren da suka lalace, da jerinsu. Kowane yana da offset, inda ya fara, da length, tsawonsa, da sunan sandar da abin ya shafa. Ana iya ganin irin wannan jeri ta wata ƙofar:

cat /sys/block/pmem0/badblocks

Abu ɗaya da muka ja hankalin mai tambaya a kai: sandunan Optane suna aiki ta fuska biyu. Akwai wadda ake mayar da su RAM zalla, ba sa riƙe komai bayan an kashe. Akwai kuma wadda ake kira App Direct, inda suke riƙo. In an rubuta ndctl list ba a ga na'ura mai suna pmem ba, mai yiwuwa an saita su ne a fuska ta farko, ko kuma ba a riga an yanka musu fili ba. Manhajar ipmctl ta Intel ce ke warware wannan, da umarnin ipmctl show -memoryresources.

Karanta lambobin

Lambobin da ke cikin jerin ba bayit-bayit ake ƙirga su ba. Gunduwa-gunduwa ne, kowace gunduwa bayit 512. Misali, in aka ga offset 80000 da length 8, ɓarnar ta fara ne a gunduwa ta 80000, ta ci gunduwa 8, wato bayit 4096.

Abin da mai ofis zai tambaye ka shi ne: wane fayil ne ya lalace? Ga yadda ake ganowa in tsarin fayilolin ext4 ne, kuma an shimfiɗa shi a kan pmem0 kai tsaye ba tare da an raba ta ba. Yawanci ext4 yana aiki da tubali mai bayit 4096, wato gunduwa 8. Sai ka raba 80000 da 8, ka samu 10000. Ka buɗe manhajar debugfs a kan na'urar, ka rubuta icheck 10000, za ta ba ka lambar fayil. Ka ɗauki lambar ka ba ncheck, sai ta faɗa maka sunansa. In kuwa icheck ya ce tubalin ba na kowa ba ne, mai yiwuwa ɓarnar ta faɗa ne inda babu fayil, abin ya zo da sauƙi.

In an samu ɓarna, sai me?

A nan ne muka fi daɗewa a shirin, don nan ne mutane suke yi wa kansu illa. Ku riƙe wannan da kyau: bayanin da ke wurin da guba ta faɗa ya riga ya tafi. Babu umarnin da zai dawo da shi. Abin da ake iya yi shi ne a tsabtace wurin don a sake amfani da shi, a kuma dawo da bayanin daga kwafin da aka ajiye a wani wuri.

Tsabtacewar tana faruwa ne ta hanyar sabon rubutu. In aka rubuta cikakkiyar gunduwa a kan wurin ta hanyar da aka saba rubuta fayil, Linux yana sa a cire alamar gubar, sannan ya goge wurin daga jerin. Saboda haka hanya mafi aminci ita ce: a gano fayil ɗin, a goge shi, a dawo da shi daga kwafin ajiya, sannan a sake sintiri a ga ko jerin ya koma fayau. In ɓarnar ta yi yawa, ko ta taɓa ginshiƙin tsarin fayilolin, sai a rushe filin gaba ɗaya, a sake yanka shi, a zuba komai daga kwafi.

Akwai wani umarni mai suna ndctl clear-errors. Sunansa yana da daɗin ji, mutum ya ga kamar shi ne maganin. Ku yi hattara. Shi alamar kawai yake cirewa, abin da zai bari a wurin kuwa ba bayaninka ba ne. Ka ga ke nan ka kashe ƙararrawar da ke gaya maka fayil ɗin ya gurɓace, ka bar shi yana yawo kamar lafiyayye. Waɗanda suka rubuta manhajar da kansu sun yi kashedi cewa ba a amfani da shi sai in bayanin da ke wurin ba shi da sauran amfani. Ga wanda ya sayi gwanjo kuma zai share komai ya fara daga farko, wannan ba laifi. Ga na'urar da ke ɗauke da bayanan jama'a, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In kuma an tsabtace wuri yau, mako mai zuwa wani ya ɓullo a sanda ɗaya, kuma ƙwayoyin ko-ta-kwana suna ta raguwa, to sandar ce ta gaji. A canza ta.

Wuta da zafi

Akwai layi biyu a sakamakon ndctl list -DH da muka ajiye sai yanzu, don su suka fi shafar mu: shutdown_state da shutdown_count. In wuta ta yanke, allon kwamfutar yana amfani da ɗan ragowar cajin da ke jikinsa ya ƙarasa tura rubutun da ke kan hanya zuwa cikin sanda. In ya samu ya ƙarasa, shutdown_state zai ce clean. In bai ƙarasa ba, zai ce dirty, lambar shutdown_count kuma ta ƙaru da ɗaya. Wannan yana nufin mai yiwuwa rubutun ƙarshe bai isa ba, ko da sintiri bai nuna guba ba.

Ba sai an gaya wa mutumin Maraɗi ko na Katsina yadda wuta ke ɗaukewa ba sallama. Mutanen Nijar ba su manta da watannin da suka biyo bayan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turowa. Don haka duk wanda zai aza irin wannan na'ura, ya fara tanadin batirin tsaro, wato UPS, kafin komai. Ya riƙa rubuta lambar shutdown_count a littafi. Duk ranar da na'ura ta mutu ba shiri, in ta tashi ya gwada lambar da ta littafin. In ta ƙaru, ya yi sintiri, ya binciki tsarin fayiloli, ya kuma gwada bayanan ƙarshe da aka shigar.

Zafi ma haka. A watannin Afrilu da Mayu zafin garuruwanmu yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka tun kafin bazara ta shigo. A riƙa duba layin zafi, a riƙa share ƙura. Wanda ba ya son ya riƙa dubawa kullum, akwai ndctl monitor, wanda ke zama yana saurare, ya rubuta rahoto in sanda ta yi ƙorafin zafi ko ƙarancin ƙwayoyi.

Wanda ba shi da irin wannan fa?

Mun san yawancin masu sauraronmu, daga Ƙonni har Garwa, kwamfutar hannu ce ko ta tebur gare su, ba su da NVDIMM. Darasin bai wuce ku ba, kayan aikin ne kawai suka bambanta.

Don faifan ajiya, akwai smartctl, da ke cikin ƙunshin smartmontools. Umarnin sudo smartctl -H /dev/sda yana faɗin hukuncin da faifan ya yanke wa kansa. Umarnin sudo smartctl -t long /dev/sda yana sa shi ya yi dogon gwaji, shi ne ɗan'uwan sintirin da muka yi bayani. In ya gama, sudo smartctl -a /dev/sda zai nuna sakamako. Akwai kuma badblocks -sv, mai karanta faifai daga farko har ƙarshe. Amma kada a kuskura a ƙara masa -w a kan faifan da ke da kaya, don wannan rubutu yake yi, yana share komai. Don RAM, akwai Memtest86+, wanda ake tayar da kwamfuta da shi daga filasha a bar shi ya kwana yana gwaji. Masu Windows kuma suna da chkdsk /r.

Duk cikinsu ba wanda ke dawo da abin da ya ɓace. Aikinsu su gaya maka da wuri. Saboda haka tsarin guda ne, ko babbar na'ura ce ko ƙarama: a ajiye kwafi a wani wuri dabam, a riƙa gwada kwafin a ga yana buɗuwa, a sa ranar bincike kamar sau ɗaya a wata, a kuma ƙara wani binciken bayan duk wata mummunar ɗaukewar wuta. Rigakafi ya fi magani.

A fili na gaba, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki batun kwafin ajiya shi kaɗai: sau nawa ake yi, a ina ake ajiyewa, da yadda ake yi da manhajar rsync ba tare da intanet ba. Masu tambaya su ci gaba da aikowa ta hanyoyin da aka saba, su kuma haɗo da abin da allon ya nuna musu harafi da harafi, don amsar ta fi fita daidai. Mu kwana nan, a huta lafiya.